Bishiyar da aka rataye mutum 21: wa Callot yake zagi a zanen nan?

Mai Zane: Salamu alaikum 'yan gida. Ga hoton da na ce zan turo tun ranar Juma'a, ku yi haƙuri data ce ta ƙare min. Ku buɗe shi sosai ku ja shi da yatsa ya girma. Wani mutumin garin Nancy da ke cikin Faransa ta yau ne ya yi shi, sunansa Jacques Callot, ana faɗinsa Kalo, an haife shi 1592 ya mutu 1635. Wannan ɗaya ne cikin jerin zane 18 da aka buga a Paris a 1633 kan masifun yaƙi, kuma abin da zai ba ku mamaki shine girmansa na asali bai wuce tafin hannu ba, tsawonsa wajen santimita 18 tsayinsa wajen 8, wato kusan girman wayar da kuke kallonsa da ita, amma ku dubi yawan mutanen da ya cusa a ciki.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Innalillahi, Malam da sassafe haka, ko karyawa ban yi ba. Mutane ne a rataye kamar an shanya kaya, na ƙirga 21 ko na yi kuskure?

Mai Zane: Daidai kika ƙirga Hajiya, 21 ne a sama, ga wani a kan tsani ana sa masa igiya, fada, wato limamin coci, na biye da shi da gicciye a hannu, ga wasu a ƙasa suna jiran layi ya zo kansu.

Autan Gida: Yaya wannan da biro aka yi ko fensir? sbd layukan sun yi siriri da yawa

Mai Zane: Ba biro ba fensir Auta, asid ne ya ci jan ƙarfe. Bari in yi bayani a gajarce duk da na san ba zai gajarta ba. Za ka samu farantin jan ƙarfe ka goge shi ya yi sumul kamar madubi, ka shafe fuskarsa da wani abu da asid ba ya ci, ka turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi don ka riƙa ganin abin da kake yi, sai ka ɗauki allura ka yi zane a kai, kai ba ƙarfen kake yanka ba shafen kawai kake karcewa. In ka gama sai a sa asid, duk inda allura ta bi asid ya samu hanya ya ci ƙarfen ya yi kwari, inda shafe yake kuma bai taɓa ba. Daga nan a wanke shafen, a cusa tawada cikin kwarin, a share saman tas, a ɗora takarda mai laima a tura cikin injin matsa mai abin naɗi biyu, takardar ta shiga kwarin ta tsotso tawadar. Kowace takarda ɗaya sai an sake cusa tawada an sake sharewa, aikin haƙuri ne.

Uwar Biyu: Au ashe lalle da salatif ne kawai hhh. Inda ka manna salatif lalle ba ya kamawa, inda ka bari a buɗe ya kama

Mai Zane: Wallahi Hajiya kin fi ni iya bayanin, shekara nawa ina koya wa yara wannan ban taɓa kawo misalin lalle ba, na sace shi daga yau.

Injiniya: Mu ma haka muke yin allon wayoyin lantarki a makaranta, ka zana hanyoyin da alƙalamin maka a kan jan ƙarfe ka jefa cikin ruwan sinadarin ferric chloride ya cinye sauran. Bambancin mu abin da muka rufe shi muke so, su kuma abin da suka buɗe. Kuma duk mai sabuwar dubu ɗaya a aljihu ya shafa ta da yatsa zai ji rubutun ya ɗan taso, irin bugun nan ne na tawada daga cikin kwari, har yau shi ake wa kuɗi sbd wahalar kwaikwayo.

Mai Zane: To mu dawo kan abin da ya sa na turo. Ni a ganina wannan mutumin shine na farko a Turai da ya fito ƙarara ya ce yaƙi ba abin alfahari ba ne. Ku duba fa, zane 18 amma guda ɗaya tak ne na fagen daga, sauran duk kwasar ganima ne da ƙone ƙauye da azaba da bara. A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648, shekara biyu kafin a buga wannan aka yi wa birnin Magdeburg na Jamus kisan da mutum wajen dubu 20 suka halaka, kuma a 1633 ɗin ce sojan Faransa suka yi wa garinsu Nancy zobe suka shiga, don lokacin Lorraine, inda Nancy take, ƙasa ce mai sarkinta ba ta cikin Faransa. Mutum ya rayu cikin wannan zamanin ya zo ya zana bishiya tana 'ya'yan gawa, ai magana ta ƙare.

Tsohon Soja: Salamu alaikum. Ɗana Mai Zane ina karanta ku tun ɗazu ina shan shayi, amma nan kam sai na sa baki. Magana ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Ka sake duba hoton nan da kyau. Su wa aka rataye? Ba talakawan ƙauye ba ne, ba kuma abokan gaba ba. Dubi yadda rundunar ta yi sahu dama da hagu da dogayen masu a tsaye, dubi tantuna a baya, dubi huluna da riguna da aka tara a gindin bishiya. Wannan fareti ne. An tara bataliya ne ta kalli yadda ake hukunta nata da suka yi sata, duk wanda ya taɓa sa kaki ya gani zai gane nan take. To mai zanen da yake nuna maka kwamanda yana hukunta ɓarayin cikin rundunarsa, yaƙi yake zagi ko rashin ɗa'a?

Mai Zane: Baba barka da shigowa, Allah ya ƙara girma. Sojoji ne kam ban musa ba, amma ai yadda ya zana su ne abin dubawa, babu wanda zai kalli wannan ya ji sha'awar shiga soja.

Tsohon Soja: Ba a yi shi don ka ji sha'awa ba, an yi shi don ka ji tsoro, kuma tsoron ai shine aikin faretin.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum mutanen Najeriya, ku bari in taimaka tunda mu munka yi lakwal da Faransanci. Akwai baitoci shida ƙarƙashin hoton, Faransancin da ne amma ana gane shi. Abin da sunka ce a taƙaice, waɗanga ɓarayi ne marasa mutunci da sunka rataya ga iccen nan kamar mugayen 'ya'yan itace, kuma wai mai mugun aiki ko ba daɗe ko ba jima hukuncin Sama na cim mashi. Babu tausai ko ɗaya cikin baitocin wallahi. Kuma na nemo shafin farko na jerin, an rubuta a ƙasa cewa da izinin sarki anka buga, sarkin Faransa kenan Louis na 13, wanda sojanshi ne sunka shiga Nancy. To Malam Mai Zane mi za ka ce, sarki zai ba da izini a zage shi?

Mai Zane: Baitocin ba Callot ne ya rubuta ba, ana jingina su ga wani fada mai tara zane-zane Michel de Marolles, kuma wanda ya buga abokinsa ne Israël Henriet, ɗan kasuwa ne a Paris dole ya sa abin da zai wuce. Izinin sarki kuma a lokacin kusan kamar rajista ce don kar wani ya kwafi aikinka ya sayar, ba wai sarki ya zauna ya duba ya sa albarka ba.

Ɗan Maraɗi: Na yarda da ta rajista. Amma hwa sunanshi na bisa takardar kuma yana raye lokacin, in baitocin ba su yi mashi ba ai da ya hana.

Malamin Tarihi: Ku ba ni wuri in jera muku su yadda suke a jere, don hoto ɗaya da aka tsinko daga tsakiya shi ke kawo rigimar nan. Bayan shafin suna, na 2 ɗaukar sojoji ne ana rubuta sunaye ana ba da kuɗi, kowa tsaf cikin sahu. Na 3 karon dawakai cikin hayaƙi. Daga na 4 zuwa na 8 sai sojan suka watse cikin ƙasa, su wawushe masauki, su shiga gidan wani manomi mai hali su yanka na yankawa su ci zarafin mata har su rataye mutum kai ƙasa a kan wutar murhu, su ƙone wurin ibada, su ƙone ƙauye su kora dabbobi, su tare keken doki a daji. Na 9 an kamo su. Na 10 zuwa na 14 hukunci kala biyar, a ɗaure hannu ta baya a ja mutum sama a sako shi, sai ratayar nan ita ce ta 11, sai harbi, sai ƙonawa, sai karya gaɓoɓi a kan wili. Na 15 nakasassu a ƙofar asibiti, na 16 suna bara suna mutuwa a bakin hanya, na 17 manoma sun yi musu kwanton ɓauna da lauje da sandunan sussuka, na 18 sarki a kan karaga yana raba lada ga waɗanda suka yi biyayya. In ka bi shi haka labari ne na laifi da hukunci da sakamako, kuma ya fi kusa da abin da Baba ya faɗa. Sai dai ni inda nake tsayawa shine 15 da 16, don waɗancan guragun ba a ce mana sun saci komai ba, yaƙin kawai suka je.

Mai Zane: Yauwa Malam! nan nake so a zo. In wa'azin ɗa'a ne kawai me ya kawo wanda bai yi laifi ba yana jan gindi a ƙasa yana miƙa ƙoƙo? Kuma ku kalli na 18 ɗin, shine mafi sanyi a duk jerin, kowa a sandare kamar hoton ɗaurin aure na dole, amma gidan manomin nan kamar ka ji ihu yana fitowa daga takardar. Mai zane inda zuciyarsa take nan hannunsa yake zuba ƙarfi, ni sana'ata ce na sani.

Tsohon Soja: Ko kuma inda kasuwa take ba. Mutane sun fi sayen tashin hankali tun ran gini tun ran zane. Amma bari in gaya maka abin da ku masu littafi ba ku cika kawowa ba. Sojan wancan zamani yawancinsu na haya ne, kanar ne yake tara su da alkawarin kuɗi, sai a yi wata da watanni ba albashi ba abinci, ga mata da yara da masu hidima suna biye da runduna wani lokaci yawansu ya kai na sojan ko ya fi, duk bakin nan ƙauyen da aka sauka shi zai ciyar da su. To wanda ya hana su haƙƙinsu shi ne kuma zai tara fareti ya rataye su don sun ɗauki kaza. Na taɓa gani da idona a wani wuri da muka je aiki, ba zan faɗi ina ba, yaro ya kwana biyu bai ci ba ya kama akuyar mutane, aka yi masa hukunci gaban kowa har ya suma, kuma wanda ya ba da umarnin mun san inda rashan ɗinmu ya maƙale. Ban ce yaron ya yi daidai ba. Amma tun ranar in na ga irin wannan hoton ba waɗanda ke sama nake kallo ba, masu tsayuwa a inuwa nake nema.

Uwar Biyu: Allah sarki Baba. Allah ya saka muku da alheri

Mai Zane: Baba to ai ka dawo gefena kenan

Tsohon Soja: Ban dawo ba. Ni ne na ga haka, ban ce shi Kalo haka ya nufa ba. Mutumin da sarakuna suke biya fa muke magana.

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ne kuma kar a ɓoye shi. Callot ɗan fada ne tun yana saurayi, ya yi koyo a Rum, ya yi wajen shekara tara a Florence yana wa gidan Medici masu sarautar garin zanen bukukuwa da wasanni har sai da sarkinsu Cosimo na 2 ya mutu a 1621 sannan ya koma gida. Babban aikinsa na yaƙi kuma ba wannan ƙaramin ba ne, zoben da aka yi wa garin Breda na Holan ne. Sojan Sifen ƙarƙashin Spinola sun tsare garin daga Agusta 1624 har yunwa ta sa ya miƙa wuya a Yuni 1625, sai Isabella mai mulkin yankin a madadin Sifen ta ba shi kwangila, ya yi faranti shida da ake haɗawa su zama hoto ɗaya da ya fi mita ɗaya kowane gefe, rabi taswira rabi hoto, kana ganin ganuwa da ramuka da sansani kamar daga sama tsuntsu yake kallo. Bayan nan ya yi wa Louis na 13 irinsa kan La Rochelle da tsibirin Ré. Wannan duk tallan nasara ne, ana raba wa manyan Turai su rataya a bango. Abin dariyar ma Holan ta ƙwace Breda ɗin a 1637, hoto ya rage gari ya tafi.

Mai Zane: Amma Malam ko a Breda ɗin ka duba gaba-gaba ta ƙasa, ya cusa sojoji suna wawushe gidajen ƙauye ga wasu a rataye, a cikin hoton da aka biya shi ya yi yabo fa. Mutumin ba ya iya kau da kai ne kawai. Sannan akwai labarin da ake bayarwa cewa da sarkin Faransa ya ci Nancy ya nemi ya zana masa wannan nasarar ma, shi kuma ya ce gara ya yanke babban yatsansa.

Malamin Tarihi: Labarin yana nan, amma bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa aka rubuta shi, irin labaran da ake ƙawata manya da su ne, ni ba na gina hujja a kansa.

Autan Gida: Ni fa tambayata daban ce, ya aka yi na nesa suka yi fari-fari na kusa suka yi baƙi alhali tawada ɗaya ce? kuma su waye a dama suke sunkuye kan ganga

Mai Zane: Auta ka yi tambayar masu sana'a. Sirrin Callot kenan guda uku. Na ɗaya shafen da ake amfani da shi kafin shi mai laushi ne, yana ɓamɓarewa asid ya shiga inda ba a so ya ɓata aikin wata guda, shi sai ya ɗauko irin man da masu haɗa kayan kiɗa na Florence suke shafa wa katako, ƙaro da mai ne ake dafawa, in ya bushe ya yi tauri, to ka ga mutum zai iya zuba wata uku a faranti ɗaya ba fargaba. Na biyu wata allura da ake fere bakinta a karkace, in ka murza ta a hannu layi ya fara siriri ya kumbura ya koma siriri, kamar dai alƙalamin kara na allo yadda gwani yake juya shi. Na uku shine amsar tambayarka, ba sau ɗaya yake sa asid ba. Zai sa na ɗan lokaci ya cire, ya rufe tantuna da mutanen nesa da shafe don kar su ƙara ciwuwa, ya mayar, ya cire ya rufe na tsakiya, ya mayar, har ya rage bishiyar da na gaba su ne suka fi daɗewa, kwarinsu ya fi zurfi ya fi ɗaukar tawada. Da haka ya yi sama da faranti 1,400 a shekara wajen 43 da ya yi a duniya, akwai na wata kasuwar Impruneta na 1620 da mutum sama da dubu a ciki. Abraham Bosse ne ya zo ya rubuta hanyar a littafi a 1645 kowa ya koya. Kuma kar ka manta komai a juye yake zana shi kamar masu yanka hatimi, dama ta zama hagu, in ka manta sai duk sojanka su fito bahagwai.

Tsohon Soja: Na kan gangar caca suke da ƙwaya irin ta ludo. A rundunonin wancan lokaci in masu laifi sun yi yawa akan sa su jefa, wanda ya ci a yafe masa wanda ya faɗi ya hau tsani.

Ɗan Maraɗi: Baba ni na ɗauka kayan mamatan suke rabo, ga tulin riguna nan kusa

Tsohon Soja: Duba jikinsu, an tuɓe su saura 'yar ciki kamar na saman, ga masu gadi a kansu. Mai rabon gado ba a tsare shi.

Uwar Biyu: Ni abin da ke damuna tun ɗazu, mu a lokacin nan ba a yaƙi ne a ƙasar Hausa? ina namu hotunan

Malamin Tarihi: Ana yi ƙwarai Hajiya, a ƙarnin nan ne Kwararrafa suka shiga Kano har sau biyu, zamanin Sarki Kukuna wajen 1653 da zamanin Dadi wajen 1671, ga yaƙe-yaƙen Kano da Katsina. Mu namu a baki da alƙalami aka ajiye, kirari da waƙa da tarihin sarakuna, Ɗan Marina na Katsina ma ya yi wa Mai Ali na Borno waƙar yabo da Larabci kan nasararsa a kan Kwararrafa. In kin lura aikinta ɗaya da hoton Breda, a yabi wanda ya ci. Wata alaƙar kuma ta ƙarfe ce, wannan sana'ar ta cin ƙarfe da asid daga maƙeran kayan yaƙi ta fito, da ita suke yi wa sulke da takubba ado, sai wani Daniel Hopfer na Augsburg wajen 1500 ya ga ai za a iya shafa tawada a buga a takarda, shi da baƙin ƙarfe ma ya fara. Kuma ruwan takubba da yawa da suka ƙetaro Sahara zuwa hannun Buzaye da barade a nan ƙirar Jamus ne, Solingen da Passau, wasu da tambarin kyarkeci a jiki.

Ɗan Maraɗi: Wanga gaskiya ne, har yau in ka samu tsohuwar takoba wajen Agadas kana ganin tambarin, har maƙeranmu sunka koyi kwaikwayonshi don ta yi tsada

Injiniya: Wai shi kaɗai ne yake wannan a Turai ko akwai wasu? kar mu maida shi waliyyi

Mai Zane: Suna da yawa. Kafin shi akwai Antonio Tempesta a Rum, shi nasa dawakai ne a cakuɗe ana sara, kyau kam akwai amma ba ka jin ciwon kowa. Stefano della Bella ɗan Florence ya bi sawun Callot, Richelieu wazirin sarkin Faransa ya sa shi ya zana zoben garin Arras. Matthäus Merian a Frankfurt shi kusan gidan jarida ne, yana fitar da manyan littattafan labarin yaƙin da hotunan fagen daga, runduna a jere kamar akwatuna. Wanda nake so ku nema shine Hans Ulrich Franck na Augsburg, shi ba ya nisa, mutum biyu uku ne a gabanka ɗaya ya danne ɗaya da wuƙa, hannunsa bai kai na Callot ba amma ya fi tayar da hankali. Sai Wenceslaus Hollar ɗan Prague da ya zauna Ingila, an tura shi Tanja a Maroko a 1669 ya zana ganuwarta, a tafiyar nan jiragen Aljeriya bakwai suka tare jirgin da yake ciki Mary Rose aka gwabza, ya tsira ya zo ya zana faɗan.

Malamin Tarihi: Ka bar Romeyn de Hooghe, kuma shi ne ya fi nuna abin da nake tsoro a hotunan nan. A 1672 sojan Faransa sun yi ɓarna a ƙauyukan Bodegraven da Zwammerdam na Holan, ya zana ta da duk munin da zai iya, aka yi ta bugawa ana yaɗawa, yaran Holan suka tashi da ƙin Faransa. Ɓarnar ta faru, amma hoton makami ne na ɓangare ɗaya. Haka da Turkawan Usmaniyya suka yi wa Vienna zobe a 1683 ya fitar da jerin hotuna daga Amsterdam, ka san kuwa yadda za a nuna jagoran Turkawan Kara Mustafa da mutanensa a ciki. Bambancin Callot shine a nasa 18 ɗin ba za ka iya cewa ga tutar wane ba, bai ce Faransawa ne ko Jamusawa ko 'yan Suwidin ba, soja ne kawai da manomi.

Mai Zane: Kuma shi ya sa ya daɗe. Rembrandt mai zanen Holan ya tara zanensa ya koyi zana mabarata daga gare shi, Goya na Sifen da ya yi nasa 82 tsakanin 1810 da 1820 ya san aikin Callot, sai dai shi nasa ba a buga ba sai 1863 bayan ya mutu da shekara 35, kuma shi babu sarki mai raba lada a ƙarshe.

Tsohon Soja: To ka gani, wanda ya zagi yaƙi da gaske ɓoye nasa ya yi har ya mutu, naka kuwa a kasuwar Paris aka baje shi da izini.

Mai Zane: Kai Baba wallahi ka iya kamu hhh. Na ba ka rabi, ban ba ka 15 da 16 ba.

Injiniya: Ni dai zan gwada ranar Asabar, ina da ragowar ferric da guntun jan ƙarfe, man farce zai yi a matsayin shafen? injin matsa ne matsalar

Mai Zane: Zai yi na gwaji amma yana tsagewa in ya bushe sosai, yi zanen kafin ya ƙanƙame. Cokali ba zai fitar da tawada daga kwari ba sai dai ka nemi injin murza taliya ka sa tsumma mai kauri. Kuma don Allah kar wani ya je ya taɓo asid mai ƙarfi ko ruwan batir a ɗaki, ga yara, ka sa safar hannu ka yi a tsakar gida.

Uwar Biyu: Injin taliyata dai ba zai je ko'ina ba, kar ma a fara kallona

Tsohon Soja: Mai Zane turo min na 15 ɗin shi kaɗai, babba, wanda Malam ya ce na ƙofar asibiti. Na nemo shi amma ya yi dishi-dishi, ina ganin rijiya a tsakiya da masu sanduna sun yi layi wajen tukunya, akwai wani a ƙasa da nake so in ga ko ƙafa ɗaya ce ta rage masa ko babu duka. Gilashina na mota, bari in sa jikana ya ɗauko.